Wai me yasa gindin manyan jiragen ruwa yake ja ne?

Ɗan Fagge: Salam 'yan uwa, na je Apapa ɗauko kaya sai naga kusan duk jiragen ƙasansu jan fenti ne, wani yace min wai maganin ƙwayoyin cuta ne, ni dai na ɗauka na tsatsa ne kawai.

Injiniya: Wslm, ai bai yi maka ƙarya ba malam. Ƙarfe na shiga teku bakteriya ke fara mannewa su yi wani yauƙi kamar na cikin randar da ta daɗe ba'a wanke ba, akan yauƙin nan gansakuka ke kamawa, sai ƙananan halittu masu ƙwanso su biyo su ƙanƙame, jirgi yayi nauyi yana shan mai kamar me. Fentin akwai sinadarin jan ƙarfe a ciki, yana tsattsafowa kaɗan kaɗan yana kashe su. Na tsatsa daban ne, shi ake fara shafawa.

Maman Ilham: To kifaye fa, baya cutar dasu?

Injiniya: Yana yi wallahi Hajiya. Da can wani sinadari mai guba da ake kira TBT ake sawa a fentin, ya lalata kawa da dodon koɗi sosai har IMO, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta duniya, ta haramta shi, dokar ta fara aiki 2008. Yanzu wasu sun koma fentin silikon mai santsi, in jirgi ya ɗau gudu sai halittun da suka manne su zame.

Ɗan Fagge: Ikon Allah, ashe ba ado bane. Nagode oga.