Neman shawara: in sayi PS5 ko in haɗa kwamfuta a shagona na wasa?

Sani, Bukoki:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shagon wasan bidiyo a nan Yamai, na'urar PlayStation 4 (PS4) uku ke ciki, kuma da shi nake ciyar da iyali. Tun bayan Sallar layya nake tarin kuɗi. Samarin fadarmu sun matsa mini in sayi PS5, wai manet ɗinta, wato abin da ake riƙewa a hannu a buga wasa, mai suna DualSense, ta canza wasan taro gaba ɗaya, har in ɗan ƙwallo ya gaji maɓallin gudu yakan yi tauri a yatsa. Ƙanena kuma ya ce kwamfuta ta fi. Kuɗin ba za su kai duka biyu ba, kuma ina tsoron in zuba su inda ba za su dawo ba. Ku taimaka mini.

Abdu, Wadata:
Wa alaikumus salam, abokina. Maganar tauri gaskiya ce, ina da PS5 a shagona. Satin farko yara sun yi ta layi a kan Astro's Playroom, wanda ke zuwa cikin na'urar, don su ji takun yashi da ɗigon ruwan sama a tafin hannu. Abin akwai daɗi, ba ƙarya. Amma da aka koma gasar FC, wato wasan ƙwallon da a da ake kira FIFA, gwanayen da kansu suka ce in kashe taurin, wai yana rage musu sauri. Abin da ke cika shago shi ne mutum huɗu kan benci ɗaya, biyu da biyu, ana ihu, kuma wannan PS4 ma tana yi tun 2013. Ka sani kuma, manet ɗin PS4 ba ta buga wasannin PS5. Sai ka sa kuɗin sababbi cikin lissafi.

Malam Isufu, mai gyara a Katako:
Sani ƙanena, ni abin da ke zuwa teburina zan faɗa maka. Sandar manet ce ke fara mutuwa: ka saki hannu, ɗan wasa na tafiya da kansa. Ƙurar hunturu da gumin hannu ne ke cinye ta, kuma sabuwar ba ta tsira ba. Akwai DualSense Edge da ta fito a 2023, ita ana cire sandar a sa wata, sai dai kuɗinta ya kusa ninki uku, batirinta kuma bai kai na talakar ba. Ba ta shago ba ce.

Hadiza, Yantala:
Yaya Sani, ƙanenka bai yi kuskure ba in wasan harbi ake magana. Linzamin kwamfuta ya fi babban yatsa saiti, shi ya sa wasanni irin Call of Duty ke taimaka wa masu manet da saitin kai tsaye. A kwamfuta ba ka biyan kuɗin wata kafin ka hau intanet da wasa, a PlayStation kuwa sai da PlayStation Plus, ban da na kyauta kamar Fortnite da eFootball. DualSense ɗin ma tana aiki a kwamfuta da wayar USB. Amma wasan harbi mutum ɗaya ne a kwamfuta ɗaya. Su wa ke zuwa shagonka, 'yan harbi ko 'yan ƙwallo?

Sani, Bukoki:
'Yan ƙwallo ne kusan dukansu, ƙanwata, kuma a shagon suke karawa, ba a intanet ba. Na gode muku ƙwarai. Zan ɗauki PS5 ɗaya da manet huɗu, tsofaffin ukun su ci gaba da aiki. Malam Isufu, gobe bayan La'asar zan kawo maka manet biyu da sandarsu ta fara yawo, ka duba mini su.