Tambaya kan tsabar azurfar Masar ta zamanin sarakunan Tolemi

Mai_Tara_Sulalla: Assalamu alaikum, malamai. Akwai tsabar azurfa a hannuna mai nauyin giram 14.1. A fuska ɗaya akwai kan sarki da ɗauri a goshi, a ɗayar kuma mikiya ce tsaye a kan alamar aradu, da rubutun ΠΤΟΛΕΜΑΙΟΥ ΒΑΣΙΛΕΩΣ. A hagun mikiyar an rubuta LΙΒ, a dama ΠΑ. Wanda ya sayar mini ya ce ta Tolemi na ɗaya ce. Shin haka ne?

Dalibin_Tarihi: Wa alaikumus salam, Malam. Fuskar ta Tolemi na ɗaya ce, amma wannan bai nuna cewa a zamaninsa aka buga ta ba, domin magadansa sun ci gaba da sa kansa a irin wannan tsabar da ake kira tetiradirakma har daular ta faɗi a shekara ta 30 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Nauyin ya dace, tunda ma'aunin Masar kusan giram 14.2 ne, na Atina kuwa kusan 17.2. Alamar L tana nufin shekara, ΙΒ kuma 12 ce a lissafin Girkawa, wato shekara ta 12 ta mulkin wani sarki. Haɗuwar wannan da ΠΑ tana kai mu ga sarakunan baya.

Malama_Numis: Ina goyon bayan Dalibin_Tarihi, sai dai kada ΠΑ, wato haruffan farko na sunan birnin Fafos da ke tsibirin Saifurus, ta sa a yanke cewa a can aka buga ta, domin Iskandariya ma ta yi amfani da haruffan nan daga baya. Malam Mai_Tara_Sulalla, ka duba ƙarƙashin LΙΒ da kyau. Idan akwai ƙaramin kambin Isis, abar bautar Masarawan dā, to ta Kiliyofatara ta bakwai ce, wajen shekara ta 41 zuwa 40 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), saboda alamar ta fara fitowa ne a ƙarshen mulkin mahaifinta, Tolemi na 12, kuma azurfar lokacin an gauraya ta ƙwarai da tagulla. Idan babu, tana iya zama ta mahaifin, wajen shekara ta 70 zuwa 69 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ko ta wani da ya gabace shi, kuma salon gashin sarki da gashin mikiyar ne zai raba gardama.

Dalibin_Tarihi: Kafin komai, ka duba gefenta ko akwai layin haɗi ko ƙananan ramuka, waɗanda alamun jabu ne da aka zuba a zubi. Kada ka goge ta, ka turo mana hoton fuskokin biyu da na gefen.