Kulasta: gungu, garke ko gayya?

Jama'a masu aikin kwamfuta, ku zo mu daidaita a kan kalma ɗaya, don ta tsaya mini a rai tun makon jiya.

A wani ofis da nake kula wa da na'urori a nan Sakkwato akwai saba uku, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima, dukkansu Proxmox ne a kai, manhajar da ke sa saba ɗaya ta ɗauki wasu kwamfutoci marasa jikin ƙarfe a cikinta, an haɗa su abin da muke kira kulasta. Na'urar sanyaya ɗakin ta tsaya cikin zafin Afrilu, faifan saba ta uku ya mutu. Da na shiga da safe fitilarta ja, jikinta kamar murfin tukunya. Amma ma'aikata ba su ma sani ba, domin sauran biyun sun riga sun tada kwamfutocin da ke cikinta a wurinsu. Yaron da nake koya wa aiki ya ce, "Oga, wai mi a kulasta da Hausa?" Na buɗe baki, na rasa abin da zan ce masa.

Gungu ne ya fara zo mini, kuma na san da yawanku shi za ku zaɓa. Amma gungu taruwa ce kawai. Gungun mutane a bakin kasuwa ba wanda ya ɗauki alkawarin wani, in ɗaya ya faɗi sauran na iya watsewa. Garke kuma an riga an ba shi aiki, tunda wasu na kiran saba uwar garke. Garken uwayen garke bai shiga kunne.

Na so ayari ƙwarai, saboda in jaki ya gaza a hanya ana raba kayansa ga sauran. Sai dai ayari da madugu yake tafiya, a Proxmox kuwa ba shugaba. Kowace saba ƙuri'a ɗaya gare ta, manhajar Corosync ke ƙirgawa, kuma sai wadda ke cikin masu rinjaye ke da ikon canza wani abu. Biyu cikin uku rinjaye ne. Wadda ta tsinci kanta ita kaɗai, rubutu ma ba za ta iya yi a kundin tsarin ba, in kuma tana riƙe da ayyukan da aka ce kada su tsaya, cikin daƙiƙa 60 za ta kashe kanta ta sake tashi, don kada saba biyu su riƙa rubutu a faifai ɗaya su lalata shi.

Ina wannan bayani, mai gadin ofishin yana zaune kan benci yana jinmu. Dattijo ne, manomi tun kafin ya zo birni. Ya ce, "Yaro, wagga ai gayya ta. In mutum ya kasa, na kusa da shi ka kama kunyatai." Na ce, "Baba, ka gama magana."

Gayya ke nan. Kowa da fartanyarsa da kunyarsa, gonar ɗaya, kuma an taru ne don aikin, ba don zama ba. Saba guda ta zama 'yar gayya. Kwamfutocin da take ɗauke da su a cikinta, waɗanda ba su da jikin ƙarfe nasu, ina kiransu goyo. Wannan kam ba na tababa a kansa, kun ga in uwa ta kwanta wata ke karɓar goyon.

Ku duba yadda gyaran ke faɗuwa a baki da waɗannan kalmomi. A kashe wadda ta lalace tukuna, kada a sake kunna ta yadda take a kan layin gayya. A cire sunanta da umarnin pvecm delnode. A sa sabon faifai, a ɗora Proxmox daga farko, a daidaita agogonta da na sauran, sannan ta nemi shiga da umarnin pvecm add. Sharaɗin da mutane suka fi mantawa: ba ta shiga da goyo a baya, hannu wofi take zuwa, sai ta zauna a mayar mata da nata. Haka na faɗa wa yaron, sau ɗaya, ya yi aikin da hannunsa.

Wani ɗan'uwa ya ce mini gayya ta wuni ɗaya ce, kulasta kuwa shekaru take yi. Gaskiya ne, kuma nan ne raunin kalmar. Wani ya tuna mini da "ya yi da gayya", wato da gangan. Wannan bai dame ni ba, ba wanda zai ji "gayyar saba" ya ɗauka ganganci ake nufi. Mai kalmar da ta ɗauki raba aiki da karɓar kayan wanda ya faɗi, kuma ta fi gayya daɗewa, ya kawo ta mu gwada ta a kan wannan gyaran.

A littafin aikin ofis dai ga abin da na rubuta ranar Alhamis: saba ta uku ta koma gayya, ƙuri'a uku sun cika, an mayar mata da goyonta huɗu.