Yaro ɗan shekara 8 zai iya tuƙa allon iska a Dahab?

Maman Yara: Assalamu alaikum. Za mu kai yara bakin teku a Dahab, ƙasar Masar, kuma ɗan shekara 8 ya dage sai ya koyi tuƙa allon nan mai ƙyallen iska. Me ya kamata in duba?

Baban Gida: Wa alaikumus salam Hajiya. Zai iya, in dai ya iya iyo. A fara a Lagun, wani lungun teku a Dahab inda ruwa yake kwance. Girman ƙyalle ne babban abin dubawa: murabba'in mita 1.5 zuwa 2 ya ishe shi, a kan allo mai faɗi da harshe a ƙasa, wanda ke hana iska jan sa gefe. In aka ba shi na manya, zai ja da ƙugu, ya gaji nan take. Wajen ɗago ƙyallen daga ruwa, ya ba iska baya, ƙafafu su sa gindin sandar ƙyallen a tsakiya, ya lanƙwasa gwiwa, bayansa a miƙe, sannan ya jawo igiyar ɗago ƙyallen sannu a hankali.

Malam Mai Koyarwa: Iskar Dahab ta fi ƙarfi da safe, don haka a nemi darasin la'asar. Don Allah kada ya shiga in iska na turawa daga tudu zuwa teku, sai malami ya ɗaure allon da igiya ko akwai kwalekwalen ceto.

Inna: Rigar hana nutsewa daidai jikinsa, da takalmin roba saboda duwatsun murjani na cikin ruwa. Awa 1 ta isa, a yawaita ba shi ruwan sha.