Mazaunin injin zarton yanka zane: abin da kafintoci suka ce

Da aka tattauna kan girgizar injin nan mai siririn zarto, wanda ake yanka zane da shi a katako, bakin kowa ya zo ɗaya a kan nauyin mazauni, wato teburin da ake ɗora injin a kai. Zarton sama da ƙasa yake yi, sau ɗaruruwa a minti, don haka mazauni marar nauyi rawa zai kama yi. A samu katako mai kauri, a haɗa da gam da noti maimakon ƙusa, a gicciya wani katakon tsakanin ƙafafu. A yi kanta a ƙasa, a ɗora buhun yashi. Yashi na shanye girgiza sosai.

Ƙafa uku ta fi huɗu, domin ko daɓen bai daidaita ba, ba ta girgiɗi.

A kan shimfiɗa roba don rage girgiza ne aka rabu. Wasu sun ce tana rage ƙara, wasu kuma sun ce mai laushi ƙara rawa take. Ni dai na fi karkata ga ɗaure injin tamau a jikin katakon. Sa wa mazaunin taya kuwa, in ba dole ba a haƙura.

An gama? Don gwada girgizar, ɗora kofin ruwa a kan mazaunin, kunna injin, ka sauya gudu har ruwan ya lafa.