Zagin iyaye: gyara ne ko illa?

Gwaggo: Ni fa ban yarda zagi na lalata yaro ba. Mu a Gwammaja da daƙuwa da "jakar banza" aka raine mu, ga shi har mun aurar da namu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Anti Malama: Gwaggo, Allah ya ƙara girma, ki yi haƙuri zan ja da ke. Akwai yaro a ajina a Kurna, ɗan aji 4. Na miƙa masa alli ya rubuta 7 sau 8, hannunsa na rawa ya ce, "Malama ki kira wani, ni daƙiƙi ne." Na ce wa ya gaya maka? Ya ce haka Baba yake kirana. Da na zauna kusa da shi a benci sai ya raɗa min 56. Ya san amsar fa! Wallahi har yau abin yana cina.

Kawu: To ya za mu yi? Ga ƙwaya ga daba a unguwa. In ba ka buɗe wa yaro murya ba, titi ne zai ɗauke shi.

Yaya Babba: Kawu, sau da yawa tsawar ce ke kora shi titin. A 2013 masu bincike a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka sun fitar da sakamakon bibiyar iyalai 976. Yaran da ake yi wa tsawa da zagi suna da shekara 13, kafin su cika 14 rashin jinsu ya ƙaru, damuwa ma ta ƙaru. Ko a gidajen da ake nuna wa yaro ƙauna, illar ba ta gushe ba.

Kawu: Wannan 'ya'yan Turawa ne.

Anti Malama: To mu dawo gida. Anas bin Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10, yana yaro ya fara, Annabi bai taɓa ce masa ko "uf" ba. Kuma a Sahihu Muslim an hana mu yi wa 'ya'yanmu mummunar addu'a, kada ta dace da lokacin karɓa.

Gwaggo: Tsinuwa kam ban taɓa yi wa ɗana ba, ina tsoron bakin uwa. Amma "jaki" ai ba addu'a ba ce, ɓacin rai ne.

Anti Malama: Ke kin san ɓacin rai ne, Gwaggo, shi yaron gaskatawa yake. Ranar Asabar zan je wajen baban yaron nan na ajina. Kawu, don Allah ka raka ni, zai fi jin maganar babba.