Gilashi ne ko roba? Neman suna ga akwatin kifina da ya iso a tsage

Jama'a masu kishin Hausa, suna nake nema, kuma hasara ce ta sa ni nemansa.

Makon jiya aka ɗoro mini akwariyom daga Legas zuwa Katsina, irin wanda ake zuba ƙananan kifaye masu launi a ajiye a falo. Na je tasha karɓa. Ina yaye kwalin sai ga tsaga ta taso daga kusurwar ƙasa, ta kai taƙi guda, ga kwarzane a fuskar gaba. Tun kafin in ɗaga shi na ɗauki hotuna a gaban direban, na tura wa mai kayan.

Da na bi diddigi, rashin suna ne ya jawo. Wanda ya kai shi tasha ya ce wa masu lodi "roba ce". Su kuwa da jin roba, bokiti da baho suka faɗo musu a rai, suka ɗora masa buhu. Ni ma da na kira mai gilashin taga a wajen Kofar Kaura na ce "gilashi ya tsage", sai ya iso da silikon, gam ɗin da ake manna gilashi da shi. Silikon kuwa ba ya kama abin da aka yi akwatin da shi da kyau, ruwa na matsa shi zai saki.

Akirilik ake ce masa. A Jamus aka fito da shi kasuwa a 1933 da sunan Plexiglas, a Ingila kuma Perspex, sunan da masu yin allon talla suka fi saninsa da shi. Nauyinsa kusan rabin na gilashi ne, ya fi gilashi jure bugu, amma nan da nan yake kwarzanewa. Ba a manna shi da gam. Wani ruwan sinadari ake ɗigawa ya narkar da bakin biyu su zama abu guda.

Kwarzane mai sauƙi ne, sanfefa mai laushi da ruwa, sannan a goge ya dawo garau. Tsaga kuwa sai a huda ɗan rami a ƙarshenta don ta daina tafiya, a liƙa faci daga ciki. Amma akwatina lita 240 yake ci, wato kilo 240 na ruwa, kuma a ƙasa ruwa ya fi dannawa. Ban yarda in ajiye wannan a ɗakin da yara ke wasa ba. Alhamdu lillahi mai kayan ya amince zai canza.

To, sunan fa?

Wasu sun ce a bar shi "akirilik". Ba laifi a rubuce, amma ɗan dako a tasha me zai fahimta? Wani ya ce "robar gilashi". Na ƙi, domin kunne kalmar farko yake kamawa, kuma ita ce ta fasa mini kaya. Ni "gilashin roba" na zaɓa. Gilashi a gaba, mai ɗauka ya lallaɓa. Roba a baya, mai gyara ya san ba aikin silikon ba ne. Ginin kalmar ma namu ne, kamar takalmin roba da kujerar roba.

Shi kuma mazubin, "tankin kifi" na masu kiwon tarwaɗa ne, kada mu ƙwace musu. "Akwatin kifi" kuwa wani zai zaci kwalin kifin ƙanƙara. Wani dattijo malamin Hausa ya ce mini, "Ɗana, ka ce kwatarniyar kifi mana." Na ce, "Baba, kalmar ta yi daɗi, sai dai kwatarniya ba a hango cikinta ta gefe, wannan kuwa don kallo aka yi shi." Ya gyaɗa kai, muka tsaya a kan "akwatin kifin ado".

Wanda ke da abin da ya fi wannan ya kawo, ina saurare. A jikin kwalin da na mayar dai na rubuta da manyan baƙaƙe: "Akwatin kifin ado ne, na gilashin roba. Kada a ɗora kaya a kai."